Furar Zaure da Irin Baba

Birni, Damagaram
Ranar Talata, cikin hutun lakwal

Zuwa ga ƙanena Rabi'u,

"Yaya, kafin ruwan fari ya taɓa ƙasa ina cikin gidan nan, ni zan kai irin Baba gonar Tirmini da hannuna." Maganarka ce, ban ƙara ba ban rage ba. A tasha ka faɗe ta, ƙafarka ɗaya cikin mota, Inna tana riƙe da hannun rigarka. Da gangan na sa ta gaba da gaisuwa, don na san halinka: in ka karanta ka ji kowa lafiya, sai ka ninke takarda ka jefa aljihu, sauran sai wata rana. Damina ta biyu ke nan da wannan alkawari. Wataƙila za ka ce ai ba ka saɓa ba, tunda har yau ruwan kirki bai taɓa ƙasa ba. In ita ka shirya faɗa, riƙe abinka, na riga ka.

Bayan haka, sallama irin ta addinin Musulunci a gare ka, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kake wa aiki a Faransa. Allah ya tsare ka a kan hanyoyin da kuke bi, ya kare hannunka daga ƙarfe, ya ba ka abin da ka fita nema. Mu nan muna raye, alhamdu lillahi. Gwiwoyin Inna sun ƙara nauyi, a zaune take salla yanzu, amma bakinta da kunnenta garau. Ƙanwarka Lami ta sauka lafiya a Mirriya, mace aka samu, an sa mata sunan Inna, sai dai nonon bai wadata ba. Garin kuwa kamar yadda kake ji a labarai, har ya fi. Tafkuna sun tsage, pampo yakan yi kwanaki bai ɗigo ba, mutanen arewa sun zubo bakin gari da ƴan tabarminsu, dabbobinsu sun ƙare a hanya. Hadari yakan haɗu da yamma, baƙi ƙirin a bayan duwatsu, kowa ya fito da tulu da kwano, sai iska ta zo ta watsa shi, a koma ciki ba mai kallon idon wani.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san dokar zauren gidanmu tun zamanin Baba: duk wanda la'asar ta tarar a zaure, furar gidan ta same shi, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi. Ka kuma san ba mai sallamar mutanen zaure sai mai gida. Mace ba ta yi, ko da ita ta haifi mai gidan. Tun rasuwar Baba kai ne mai gida, kuma ranar tafiyarka ka tsaya a bakin ƙofa, baki har kunne, ka ce wa abokanka zauren nasu ne har ka dawo. Kai ka faɗa ka wuce. Su kuwa sun riƙe maganar nan riƙon da kai ba ka yi wa taka ba. Da farko mutum biyu ne ko uku, su sha inuwa su tafi. Sai ka aiko da rediyon nan mai dogon kunne a madadin kanka, da hoton ekip ɗinku, wato ƙungiyar ƴan tseren keken da kake wa gyara, kai a can gefe kana riƙe da taya kamar jariri. Tun da aka fara tseren keken nan na zagaye Faransa, zauren Baba ya zama tasha. Azahar tana wucewa ake shimfiɗa tabarmi, ba a tashi sai mai rediyo, wato mai ba da labarin tseren, ya gama ihun wanda ya fara isa zangon ranar, kuma Allah da ikonsa, ihun nan daidai la'asar yake faɗawa.

Bari in gabatar maka da majalisarka, ko ka manta fuskokinsu. Mai Nasara tela shi ne limamin masu bin mutuminku, siririn nan da suka laƙaba wa Ɗan Tsauni. Ya rantse cewa da zarar hanya ta fara hawa duwatsu rawayar rigar nan ta wanda ke kan gaba ta zama tasa, wai mutum mara nama ba shi da abin da zai ja shi baya. Na ce a raina, in haka ne rabin Damagaram bana sun ci tseren. Hujjarsa ta biyu ita ce kai: wai keken da ɗan Birni ya ɗaure wa sarƙa ba ya cin amana. Kyari kuwa, tsohon mai raba wasiƙu na posta, yana bayan ƙaton nan da suke kira Bijimi. Ya ce shi ya yi rabin rayuwarsa a kan sirdin keke, kada wanda bai taɓa taka komai ba sai keken ɗinki ya koya masa. A lissafinsa, Bijimi zai tara rata a shimfiɗaɗɗiyar hanya har Ɗan Tsauni ya tsufa bai cim masa ba. Sai Ado, Bakanon nan mai goro, wanda ba shi da gwani sai wanda ya ci jiya, kuma yakan koma ɓangaren duk wanda ya fi kusa da ƙwarya. Shekaranjiya suka kusa ba hammata iska a kan ko ƙanƙarar kan dutse tana sa taya santsi ko tana ƙara mata riƙo. Mutanen da duk rayuwarsu ba su ga ƙanƙara ba sai a cikin lemun kwalba! Mai Nasara ya ce wa Kyari keken posta jaki ne da aka yi wa fenti, Kyari ya ce masa ya je ya gyara wandon da ya ɗinka masa bara, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, sannan ya zo a yi maganar daidaito.

Ni kuma ina daga ciki, bayan labule. Ka tuna gidan nan ƙofarsa ɗaya ce, ta zaure. In zan fita neman ruwa sai na lulluɓe, na yi sallama, na jira a janye ƙafafu, na tsallake takalma, na amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya da bido, jarkar ruwa, a hannu. In na dawo da shi a kai, wuyana kamar zai karye, haka zan sake tsayawa har mai magana ya kai aya. Ba wanda ya taɓa cewa kawo in kama miki. Amma in mai rediyo ya zuba Faransanci da gudu ya fi ƙarfin kunnensu, nan take za ka ji an ɗaga murya ana kiran Malama, wai in taimaka in faɗa musu wa ya faɗi, wa ya tsere. Shekarun da na yi ina koyar da ƴan mata a lakwal, makarantar boko, da littattafan da na cinye idona a kansu, ga inda suka kai ni: tafinta a bayan labule, hannu cikin turmi. In na fassara abin da bai yi wa Mai Nasara daɗi ba, sai ya ce mata ba su gane harkar keke.

Na gane ta kuwa, Rabi'u, fiye da yadda na so. Tun ina ji don dole har na fara saurara. Abin da ban taɓa jin majalisarka ta yi gardama a kansa ba shi ne mutanen nan da ke cikin kowace ekip waɗanda ba a ɗauke su don su ci ba. Kai ka san su, kana wanke kekunansu. Su ne masu komawa baya wajen mota su cika rigunansu da gorunan ruwa, su sake kutsawa gaba su miƙa wa gwanin. Su ne masu shiga gabansa su tare masa iska. In tayarsa ta fashe, ɗayansu ya sauka ya ba shi tasa, ya tsaya a bakin hanya yana kallon ƙurar mutane. Ranar da aka sa wa gwani riga aka ba shi furanni, su suna can baya ba wanda ya san lokacin da suka iso. Ranar da na fara jin mai rediyo ya bayyana aikinsu, sai na ajiye taɓarya na zauna a bakin turmi. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan nan nake cikin ekip ɗinka, ban sani ba. Ni ke tare maka iska, ni ke kawo ruwa, kai kuma sunanka ake kira a zaure.

Duk wannan da zan iya haɗiye shi, na haɗiye abin da ya fi shi. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne tulun da ke ɗakin Inna. Geron ci ya ƙare mana tun kafin azumi. Abin da muke samu yanzu jar dawar taimako ce, wadda ake bin layi a karɓa, mai ɗaurin baki, mai murɗa ciki. Ni da Inna ita muke ci, ba mu mutu ba. Na dama ta na aika zaure, aka dawo da ƙwarya da saura, Ado har da tambayar ko an canja mai damu. Inna ta ji. Ka san Inna. Ta ce ba a taɓa fitar da abin kunya daga gidan Malam mahaifinmu ba, ba kuma za a fara a kan baƙin ɗanta ba. Washegari na dawo daga pampo na tarar ta fasa yumɓun da Baba ya koya mana liƙe bakin tulun iri da shi, ta ɗebo, ta surfa da kanta, da gwiwoyin nan nata. Irin Baba, Rabi'u. Geron nan mai saurin nuna da ya yi shekaru yana zaɓen zangarniyarsa ɗaya ɗaya a gonar Tirmini, wanda ko a shekarar da muka ci dussa muna yara bai bari an taɓa ba. Shi ake damawa da tsamiya kowace la'asar, ana sha ana gardamar wa zai fara hawa dutse.

Na yi mata magana, ba sau ɗaya ba. Na durƙusa na yi, na tsaya na yi, na yi da kuka. Amsarta ɗaya ce: mai gida ya ce zaure nasu ne, ita ba za ta tozarta maganarka ba, in ka dawo ka ga yadda za ka yi. Na ce to a ba Kawu Suma'ila, ƙanen Baba, sauran irin ya kai gona, ta ce fitar da iri ma maganar mai gida ce, kai ka ce da hannunka za ka kai. Ka ga inda ka ajiye ni? Maganarka ɗaya ta buɗe tulun, ɗayar ta hana a kai shi inda zai tsira, ni kuma ina tsakaninsu da ludayi. Kuma na lura da wani abu da ya fi ba ni tausayi fiye da haushi. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, amma takan jawo tabarmarta kusa da labule, ta riƙe carbi, tana yi wa Ɗan Tsauni addu'a, mutumin da ba ta san ko yana da addini ba, don kawai an ce mata kai ke ɗaure masa sarƙa. Muddin ana hayaniya a zaure, a wurinta kana gida. Shi ya sa take ciyar da hayaniyar.

Kada ka ce ban gwada dabara ba. Na ɓoye batiran rediyo, Ado ya kawo kwali guda daga shagonsa, ya ce sadaka ce. Na bi ta wajen matar Kyari, ta dawo mini da cewa mijinta ya ce amanarka suke riƙe, in suka daina zuwa gari zai ce gidan Malam ya mutu. Kuma don kada in zalunce su a takarda, bari in faɗa maka abin da na sani: ba mai ɗinka riga a shekarar yunwa. Furar nan ita ce abincin Mai Nasara na yini, na ga yadda yake riƙe ludayi, na ga yadda yake ɗaga murya a kan Ɗan Tsauni don kada a lura da yunwarsa. Ban tsane su ba. Mutane ne da sama ta hana su abin magana, suka ari duwatsun wata ƙasa suna hawa da baki. Amma tausayinsu ba zai tsiro a gona ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Kawu Suma'ila ya zo daga Tirmini, a ƙasa, don jakinsa ya mutu. Sau biyu ya yi shuka bana da nasa irin, sau biyu yayyafi ya yaudare shi, tsiron ya fito ya ƙone. Ba shi da ko ƙwaya yanzu. Ya iso ana tsakiyar zango, aka matsa masa wuri, ba wanda ya tambaye shi gona don wai Bijimi ya faɗi a kwanar hanya. Da fura ta fito aka miƙa masa. Ina leƙe ta labule. Ya kai ludayi ɗaya baki, ya tsaya, ya dubi cikin ƙwaryar, ya ajiye ludayin a hankali. Gero ne da ya noma tare da yayansa tun suna samari, ba zai ɓace masa a harshe ba. Da Mai Nasara ya dafa shi yana tambayarsa wa yake gani zai ci, sai ya ce shi bai san mutanen ba, amma yana yi wa kowa fatan ya isa gida. Da zai tafi na bi shi har bakin ƙofa. Ya ce mini ya gyara gonar, ramuka suna nan a buɗe, in aka binne irin Baba kafin watan nan ya fita kuma Allah ya kawo ruwa ko kaɗan ne, zai iya nuna, don ba ya son dogon lokaci. In watan ya fita, ko an shuka ciyawar dabbobi za a girba. Na ce ya shiga ya ɗauki tulun, ni zan tsaya wa Inna. Ya girgiza kai, ya ce shi ƙanen mai gida ne na da, ba mai gida ba ne na yanzu. Ya juya ya kama hanya da yunwarsa, furar ma bai sha ba.

Jiya na zura hannu cikin tulun. Da, kafin yatsuna su nutse na taɓa gero. Yanzu sai da hannuna ya shige har gwiwa. In aka ci gaba da yadda ake yi, ranar da za a sa wa gwaninku riga a Paris, ranar za a kankare gindin tulun, kuma abin da Baba ya bar mana wanda ya fi gidan nan daraja zai ƙare a cikin mutanen da ba su ma san me suka sha ba. Na rage abin da ake ɗiba, ina cakuɗa shi da jar dawa a ɓoye yadda Inna ba za ta gane ba, ina satar abinmu daga bakin baƙinmu kamar ɓarauniya a gidan ubana. Iyakar abin da zan iya ke nan daga bayan labule.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka a kan duwatsun nan. Na gaya mata ina rubuta maka, ban gaya mata me nake rubutawa ba. Lami da mijinta Inusa suna gaisuwa, haka Gwaggo Shatu, ta ce in ka haɗu da ɗanta Haruna a can ka ja masa kunne, shi ma ya yi shiru. Ka gaishe shi da iyalinsa. Majalisarka ma ta ce a gaishe ka, Mai Nasara ya ce ka ƙara wa Ɗan Tsauni mai a sarƙa, Kyari ya ce kada ka wahalar da kanka.

Wannan takarda ba ta posta za ta bi ba, wata abokiyar aikina ce mai tafiya Yamai gobe za ta sa ta a jirgi, don haka za ta same ka tun kuna kan hanya, kada ka ce ta makara. Ban ce ka bar aikinka ka taho ba, na daina roƙon abin da ba za a ba ni ba. Waya nake so ka bugo, wato talgiram, layi ɗaya, da sunanka a ƙasa: a rufe furar zaure, a ba Kawu iri. Kyari da kansa zai karɓo ta a posta ya karanta musu, ba wanda zai ji kunya, Inna kuma za ta bi, don maganarka ce. Mai rediyo ya ce ranar Lahadi ta sama tseren zai ƙare. Ina jiran wayarka har lokacin da zai yi ihunsa na ƙarshe.

In ya yi shiru ban ga komai ba, to ranar Litinin da la'asar ba yarinya zan aika da ƙwarya ba. Ni zan ɗaga labulen in shiga zauren da kaina, in sauko da buzun Baba daga inda ka rataye shi, in shimfiɗa, in zauna a kai a gaban Mai Nasara da Kyari da duk wanda ke nan. Zan gode musu, in ba su rediyon su kai ƙofar gidan da suka ga dama, in sallame su da bakina. Da asubar Talata tulun yana kaina a hanyar Tirmini. Na san Inna za ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba, na san abin da Birni za ta kira ni, na auna duka na ga sun fi tulun wofi sauƙin ɗauka. Amma ka sani, wanda ya zauna a buzun nan ya sallami zaure, shi ne mai gida, kuma ba na zama don in tashi. Duk ranar da ka ga damar dawowa, ka tsaya daga waje ka yi sallama, ka jira a amsa maka. In la'asar ta tarar da kai a zaure, za a kawo maka fura. Ba a hana baƙo.

Yayarka,
Sa'adatu